Kadan da Suka Raɗa wa Suna Pancho

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Tun shekarar da kogin Beni ya shiga cocinmu ya ɗauke gunkin Waliyyi Isidro ya ajiye shi a gonar ayabar gidan Chao, ban ƙara ganin mutanen ƙauyen nan sun taru a bakin ruwa kamar shekaranjiya ba. Waccan shekarar ma an yi ihu, amma ihun masu aiki ne, kowa da igiya ko tukunya a hannu. Na shekaranjiya kuwa tsayuwa aka yi ana kallo. Rabin masu kallon ma ba namu ba ne, kunkuraye ne.

Haka nake kiran baƙin nan masu yawo da gidansu a baya. Jaka ta fi mai ita tsawo, takalmi a rataye, gorar ruwa a gefe, kai a gaba yana leƙe-leƙe. Su sauko daga biranen tudu a galabaice, su shafa man sauro har cikin kunne, su tambaye ka ƙarfe nawa damisa take fitowa.

Ni Casiano Marupa ban taɓa shiga aji ba. Wani saje ne ya koya mini baƙi a bariki, da ranƙwashi. Tun daga nan nake rubuta shekarun ambaliya da sunayen waɗanda ruwa ya ci, don in ban yi ba babu mai yi. Sunan ɗana bai shiga ba. Haka na faɗa wa masu zuwa yi mini jaje: bai shiga ba, ku koma gidajenku.

Abin da ya faru kowa ya sani. Ɗana Eleuterio ya kwashi kunkuraye a jirgin kamfanin da yake wa aiki zuwa tafki, ya kira kada, ya miƙa masa kaza da hannu kamar yadda ya saba. Aka dawo da shi, hannun dama naɗe da tawul ɗin wata baƙuwa. Daga nan sai garin Rurre, daga Rurre jirgin sama ya kai shi asibiti a La Paz. Matarsa Rufina ta bi shi.

Ta bar wanki a kan igiya. Ban taɓa ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Babu labari. Na je shagon Petrona, inda wayar ƙauye take, amma gishiri na je saye. Ban tambaya ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan an tashi daga coci

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda yanzu kowane ɗan iska mai hular kamfani yana ba da labarin yadda ya ga dama.

Baƙin kada ne, ya fi kwalekwalena tsawo. Mai Tafki muke ce masa. Kakana ya kira wanda ya riga shi, mahaifina ya kira wannan tun yana da sauran ƙuruciya, ni na gada. Sau ɗaya ake kiransa a shekara, idan rani ya yi nisa tafki ya janye, ranar da gari zai shiga kamun kifi. Mai kira ya tafi shi kaɗai can ƙarshen tafki, ya yi kukan jinjirin kada a maƙogwaro, baki a rufe. Idan ya taso a jefa masa kifi daga nesa, a ce da shi: ga naka, bar mana namu. Yinin nan sai ya zauna a can, mata da yara su shiga ruwa ta wannan gefen har wuya. A iya sanina bai taɓa saɓawa ba.

Na koya wa Eleuterio kiran shekarar da ya yi aure. Kafin a yi damina biyu ya kai shi kasuwa. Safe kira, yamma kira, da daskararriyar kaza daga firji. Har suna suka raɗa masa don bakin baƙi ya iya faɗa: Pancho. Pancho! Akwai kare mai cin shara a kasuwar Rurre, sunansa ke nan.

Yau fada ya ce a yi wa Eleuterio addu'a. Duk suka juyo suna kallona kamar ni ne a kwance.

Talata, 12 ga Agusta, da rana tsaka

Gualberto ya zo, mai kamfanin yawon. Mutumin tudu ne, ya shekara goma yana cin abinci daga kogin nan, har yau in jirgi ya ɗan karkata sai ya riƙe kujera da hannu biyu. Ya ajiye mini sukari da man girki da ƙunshin ganyen koka na taunawa a bakin ƙofa, ya gaishe ni har da "Don" ɗin da ake sa wa manya a gaban suna.

"Don Casiano, uban daji! Yaya ƙarfin jiki?"

Na ce, "Jiki yana nan. Me ka zo saye?"

"Haba, gaisuwa ce kawai. Eleuterio ai ƙanina ne. Ni na sa shi a jirgin sama, ka sani."

"Kai ka sa shi a jirgin ruwa ma."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna kan turmi ba a ce ya zauna ba, ya rage murya, alhali babu kowa sai kaji. Wai labari ya bazu, daga Cusco har La Paz babu masaukin da ba a zancen Pancho. Kunkuraye suna layi a ƙofar ofishinsa. Amma yaransa sun je tafki sun yi ta kuka kamar kwaɗi, ko kumfa ba su gani ba.

"Kira kawai, Don Casiano. Ka zauna a tsakiyar jirgi, ba ka taɓa kaza ba. Ga riga, ga hula."

"Rawa fa? Ba a yi musu rawa?"

"Kai tsohon nan, ba a yi maka magana ta arziki."

"Kwashe sukarinka."

Ya kwashe sukari da mai, ya manta ganyen. Ina taunawa yanzu. Ganye bai yi mini laifi ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Jiya ma'aikatan gandun daji suka zo da takalma masu ƙyalli. Suka kafa allo a bakin tafki: an hana kashe shi, an hana ciyar da shi. Suka jeru gefen allon aka ɗauke su hoto, suka ci soyayyen kifi a gidan Petrona, suka tafi.

Yau kuma Hilarión Beyuma, shugaban ƙauye. Ina nan ranar da aka haife shi, kukansa ma ba shi da ƙarfi. Ya zo yana juya hula a hannu.

"Kawu, mutane sun yi magana. Kada in ya ɗanɗana mutum, ya ɗanɗana ke nan. Ka kira mana shi, mu kuma mu yi sauran. Ina da bindiga, samari suna da biyu."

"Allon fa?"

"Allo ba ya wanki a bakin ruwa, Kawu. Matanmu ne ke yi."

Wannan maganar ta fi ƙarfin kansa, na tabbata matarsa ce ta ba shi. Na ce masa ba a kiran Mai Tafki don a kashe shi. Tun kakana muke ce masa zo, ya zo, domin bai taɓa zuwa ya tarar da cin amana ba. Shi ba jirgi ya shiga ba, hannu aka kai masa har baki.

Hilarión ya ce, "Ɗanka ne fa."

Na ce na san ɗan wane ne.

Asabar, 16 ga Agusta, da la'asar

Iskar kudu ta taso. Sanyi har cikin ƙashi, kaji sun maƙale a gindin murhu. An ce a La Paz kullum haka yake, ga babu iskar shaƙa. Mutanen da suka gina birni a inda kaza ba ta iya cara, su ne wai masu ilimi.

Wankin yana nan.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Baƙuwar nan mai tawul ta zo. Doguwa ce, hancinta ya saɓule saboda rana, igiyoyi kala-kala a wuyan hannu kamar akuyar da aka yi wa alama. Ta dawo tun daga La Paz musamman, ta ce ta kasa ci gaba da tafiyarta. Na ba ta kujera don ba a bar baƙo a tsaye, ko da kunkuru ne.

Da guntun yarenmu da take ji ta lissafa mini inda ta je. Ta hau wani dutse ta yi amai. Ta je filin gishiri ta ɗauki hoto. Ta sauko hanyar tudu a kan keke don an ce mutane suna mutuwa a wurin. Na tambaye ta me take nema. Ta ce kanta take nema. Na ce ai ga shi nan a wuyanki.

Sai ta fara kuka. Ta ce ita ce ta ce masa ya ƙara matsawa, don hoton bai fito ba. Ta faɗa ta sake faɗa. Tana jira in ce mata wani abu, ko zagi ko yafiya, ta sa a jaka ta tafi da shi. Ban ba ta ko ɗaya ba. Eleuterio ba yaro ba ne. Da wata mai jan hanci za ta ce in matsa in matsa, da tuni kifi ya cinye ni.

Kafin in ankara ta fito da waya ta danna. Ta ce farkon ne kawai, kafin abin. Na ji muryarsa yana yi musu barkwanci, suna dariya. Sannan ya yi kiran.

Ya iya. Wannan kam ba zan hana shi ba. Ya fi ni iyawa a shekarunsa.

Na ce ta kashe. Na ce ina da aiki a gona.

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma

Petrona ta aiko a kira ni, Rufina ce a waya. Ta faɗi abin da likitoci suka yanke da inda suka tsaya. Na tambaye ta ko akwai sanyi sosai. Ta ce, "Baba, ka ji abin da na ce kuwa?" Na ce na ji, ba kurma ba ne ni.

Ta ce in kwashe wankin kar rana ta cinye shi. Na kwashe. Rigunansa na aiki ne masu dogon hannu. Na ninke su yadda suke.

Alhamis, 21 ga Agusta, da safe

Ban je gona ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, da rana

Mai Tafki ya biyo mashigar ruwa har bakin ƙauye, inda mata ke wanki, ya ɗauke aladen Petrona. A gaban mutane, rana tsaka. Tun zamanin mahaifina bai taɓa zuwa nan ba. Petrona ta zo har ƙofata da hannu a ƙugu.

"Don Casiano, abokinka ya ci aladena."

"Ki kai wa Gualberto ƙara. Shi ya saba masa da cin abinci sau biyu a rana, shi ya yanke masa."

"Yau alade. Gobe fa? Jikokina a ruwan nan suke wanka."

"Ki hana su."

"Da bakinka kawai za ka raba mu da wannan masifa, ka zauna kana tauna ganye kamar tsohon bunsuru."

Na bar ta ta gama. Mace ce mai baki tun tana budurwa, shi ya sa mijinta ya kurumce da wuri.

Yanzu mata suna ɗibar ruwa da bokiti a bakin dogon sanda. Samarin Hilarión sun kwashe yini suna fako a gaɓa da bindigogi, sauro ya yi biki da su. Sun harbi gungume sau biyu. Shi kuwa ko hancinsa ba su gani ba. Ya san ƙarfe, ya san wawa. Duk abin da suka yi masa, har yanzu shi ne.

Laraba, 27 ga Agusta, da la'asar

Eleuterio da kansa a waya. Muryar ta yi siriri, amma bakin yana nan.

"Tsoho, an ce ka kori Gualberto da sukarinsa."

"An faɗa maka daidai."

"An ce kuma ka hana Hilarión. Wannan kam na gode. Kar ka bari su taɓa Pancho, Baba."

"Ba sunansa ke nan ba."

"To, Mai Tafki. Ranka ya daɗe Mai Tafki. Kar a taɓa shi dai. Gualberto ya zo duba ni, ya ce aikina yana jirana. Ya ce yanzu ma ni za a riƙa zuwa gani. Ni da shi, a jirgi ɗaya, ka gane? Babu kamfanin da yake da irin wannan a duk Rurre."

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Baba? Hagu yana nan fa. Hagu lafiyarsa ƙalau."

Ya yi dariya, tari ya katse shi. Na ce masa Petrona tana son wayarta. Ba ta nema ba, tana can tana auna shinkafa.

Juma'a, 29 ga Agusta, da safe

An fara ƙona gonaki a ƙetare. Hayaƙi ya rufe rana ta koma kamar gwaiduwar ƙwai. Idanuna suna ta ruwa. Hayaƙi ne.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Mai tawul ta saka abin da ta ɗauka inda duk duniya ke gani, wai don a tausaya a taimaka wa Eleuterio. Gualberto ya tausaya. Ya sa an ciro kiran daga ciki, an zuba a waya, an haɗa da ƙaramar lasifika irin ta masu tallar magani. Gobe zai kai jirgi biyu.

A shagon Petrona ya faɗa, da ƙarfi don in ji.

"Ba ma bukatar maƙogwaron kowa yanzu. Zamani ya zo, Don Casiano."

Na ce masa a gaban kowa: Mai Tafki ba murya kawai yake ji ba. Ya san kwalekwale, ya san warin mai kira, ya san ranar. Ya zo wa Eleuterio ne don jinina ne. Akwatin roba kuwa, ko shekara za ka yi kana dannawa, sai dai kwaɗi su amsa maka. Na ce in ya taso wa wannan abin, a daina kirana Marupa.

Samari suka yi shewa. Hilarión ya ce, "Kawu ya faɗa!" Har aka saya mini giyar rogo.

Zan je in ga kunyarsa da idona.

Lahadi, 31 ga Agusta, da rana

Ya zo.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Ban fita ba jiya. Yau zan rubuta, don in ban rubuta ba wani zai rubuta ƙarya.

Na tsaya a kwalekwalena gefen ciyawa. Jiragen biyu cike da kunkuraye, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Yaron Gualberto ya danna. Muryar ɗana ta fito daga roba, da ƙarar inji a bayanta, har da dariyar wata mace a ciki. Ko gama na farko ba a yi ba ruwa ya buɗe.

Da ya taso ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba yi mini, ido kawai a waje, da sai in ce ya zo duba wanda ya yi masa rashin kunya. A'a. Da gudu ya zo, yana kaɗa jela. Ya jingina haɓarsa a jikin jirgi ya buɗe baki. Ya bar shi a buɗe. Yana jira.

An jefa masa kaza da dogon sanda, a gaban allon da ya hana. Ya haɗiye ya sake buɗewa. Wani mai gemu ya ce da shi, "Pancho, yi murmushi!" Aka tafa.

Ya wuce ta gaban kwalekwalena, kusa har zan iya taɓa shi da filafili. Bai dube ni ba. Ba ni da kaza.

A hanyar dawowa muka haɗa ido da Gualberto. Hula kawai ya ɗaga mini. Gara ya zage ni.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Wani yaro ya tambaye ni a hanya wane suna za a kira ni yanzu. Uwarsa ta make shi. Bai kamata ba, tambaya ce mai kyau.

Juma'a, 5 ga Satumba, da la'asar

Rufina ta dawo a motar La Paz don ta cire rogo kafin ya lalace. Shi sai nan da mako biyu za a sallame shi. Ta rame, leɓɓanta sun tsage saboda sanyin can. Ta daka mini ayaba da busasshen nama, rabona da abinci mai zafi tun ranar da suka tafi. Ban tambaya ba. Ita ta fara.

"Baba, yana gwaji."

"Gwajin me?"

"Jifa. Duk lemon da aka kawo masa dubiya, sai ya sa in ajiye kwando a ƙarshen gado ya riƙa jefawa da hagu. Masu jinya suna yi masa tafi. Jiya ya ce jifa ba ta burge baƙi, kowa ma zai iya jifa. Ya ce abin da suke biya su gani shi ne miƙawa."

Na ce mata gishiri ya yi yawa a abincin.

Ta ajiye cokali. Rufina ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun da ta shigo gidan nan, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Na roƙe shi. Na ce zan koma gidanmu. Ya ce to me zai yi, ya riƙe adda da haƙori? Ya ce muddin Pancho yana tafkin nan yana da sana'a. Ni dai na faɗa maka, Baba. Kai ka san abin da ka sani."

Ta kwashe kwanuka. Na ji tana buɗe akwatin da na sa rigunan. Ta daɗe a wurin. Daga baya ta fito neman allura.

Asabar, 6 ga Satumba, da rana tsaka

Na je tafki ni kaɗai bayan jiragen safe sun tafi. Ban kira ba. Na so in ga ko ranar Lahadi yunwa ce kawai ta sa shi.

Ƙarar filafili ta ishe shi. Ya taso ya jingina haɓa a kwalekwalen da mahaifina ya sassaƙa, ya buɗe mini baki. Gashin kaza a maƙale a haƙoransa. Ya yi ƙiba a wuya kamar ɗan kasuwa. Wani ya ɗiga masa jan fenti a ka don baƙi su gane shi a hoto.

Na yi masa magana. Na tuna masa shekarar farin da tafki ya koma taɓo, muka haƙa masa rami da hannu, ni da mahaifina, muna zuba masa ruwa da ƙwarya har aka yi ruwan farko. Na tuna masa ranar da 'yar gidan Chao ta faɗa ruwa a gabansa ya juya ya ba ta baya. Na kira masa sunayen waɗanda suka kira shi.

Bakin yana buɗe har na gama.

Na sha ganin mutane sun lalace. Na ga mafarauta sun koma masu ɗaukar jakar baƙi, na ga jikan mai maganin gari yana sa fuka-fukan aku a ka ana ɗaukarsa hoto. Ban yi mamakin mutum ba. Wannan ne ban zata ba.

Da ya gaji ya rufe baki, ya tafi wajen da jirage ke tsayawa ya kwanta yana jiran na yamma.

Litinin, 8 ga Satumba, da yamma

Na je gidan Hilarión na ce ya ba ni bindigarsa. Ya tashi tsaye har kujera ta faɗi.

"Kawu! Bari in tara samari."

"Ka tara su su yi me? Su harbi gungume?"

"Kai kaɗai ba za ka iya ba. Idonka..."

"Idona ya ga ranar da aka yanke maka cibiya. Kawo."

Ya kawo, da harsashi a cikin tsumma. Ya ce ma'aikatan gandun daji za su zo, abin zai iya kai ni gaban alƙali a Rurre. Na ce su zo, sun san gidan Petrona. Ya ce Gualberto zai haukace. Na ce wannan ma riba ce. Sai ya yi ƙasa da murya.

"Eleuterio fa? Ya ce kar a taɓa shi. Ba zai yafe maka ba, Kawu."

Na ce ban roƙa ba.

Matarsa ta biyo ni har waje tana sa mini albarka, wai na tausaya wa mata da yara. Petrona ma za ta ce don aladenta ne. Kowa ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Ni dai na ce Mai Tafki ya riga ya mutu, ban san ranar ba, ba wanda ya faɗa mini in rubuta. Abin da ya rage a ruwan nan maroƙi ne mai jan fenti a ka, kuma ba zan bar shi yana yawo da fatar wancan ba. Dalilina ke nan. Babu wani.

Rufina ta ga bindigar a bayan ƙofa. Ta ƙara mini nama a kwano.

Na kwaso duwatsu daga gaɓar kogi na jera a cikin kwalekwale, da igiyar da muke ɗaure jirgi lokacin ambaliya. Bayana yana ciwo. Na goge bindigar, Hilarión ya bar ta ta yi tsatsa kamar tsohuwar fartanya.

Gobe da sassafe, kafin injin Gualberto ya tashi, zan tafi can ƙarshen tafki inda ya fi zurfi. Zan kira shi da maƙogwarona, ko da yake ba ya bukata, don kar a ce roba ce ta yi masa kiran ƙarshe. Idan an gama in ɗaure masa duwatsu in sauke shi ƙasa, babu fata, babu haƙori, babu mai ɗora masa ƙafa a ka yana dariya. Daga nan in wanke hannu in je shagon Petrona in faɗa wa Eleuterio da bakina, ya zage ni son ransa. Jiragen za su iso da hantsi. Duk wanda ya zo da waya, ga ruwa nan, ya ɗauka.